Sharhi: Gadon da Ɗan Maraya Jos ya bar wa mawaƙan yau

 Sharhinmu na yau a kan marigayi Dokta Adamu Ɗan Maraya Jos ne, da sawun da ya bari a tsakanin mawaƙan da suka taso bayansa, da kuma masoyansa da har gobe ba su gaji da jin muryarsa ba.

Allah ya yi wa Ɗan Maraya rasuwa a Jos ranar Asabar, 20 ga watan Yuni na 2015, cikin kwanakin farko na azumin waccan shekarar. Shekaru sun shuɗe, amma ka shiga tashar mota a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ko ka zauna a teburin mai shayi da daddare, ba wuya ka ji kuntigi na tashi daga wayar wani. Sau da yawa mai wayar matashi ne da bai taɓa ganin mawaƙin ido da ido ba. Wannan ya isa a tsaya a tambaya: me mutumin nan ya yi da ya sa bai tsufa ba?

Sunansa Adamu Wayya, kuma a Bukuru kusa da Jos aka haife shi a shekarun 1940. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Iyayen duka sun rasu yana ƙarami, sarkin ya ɗauke shi ya riƙe, daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya bi shi har kabari. Bukuru ta wancan zamani garin kuza ce. Leburori daga ƙasar Hausa da Barno da kudancin Najeriya sun taru a can suna haƙa, suna wanki, suna dako, manyan motoci na shiga suna fita. Yaron ya buɗe ido ne a cikin mutanen da ke ci da guminsu, kuma wannan ya fito fili a kusan duk abin da ya rera daga baya.

A lokacin da ya fara, manyan makaɗan Hausa da jama'arsu suke tafiya. Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da kotsunansu da 'yan amshinsu. Mamman Shata na da makaɗan kalangu a bayansa. Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai yake tsayawa, hannunsa riƙe da kuntigi: gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, da ɗan sanda, da tsirkiya guda ɗaya tal. Shi ke tsara waƙar, shi ke kiɗan, shi ke rerawa, in ma akwai amshi to kuntigin ne ke yi masa. Da wannan ɗan abin da ba ya cika tafin hannu biyu ya yi wa sojojin tarayya wasa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da shi ya fita ƙasashen waje, da shi kuma ya kai ga lambobin girmamawa na ƙasa da digirin girmamawa daga Jami'ar Jos.

To amma ba lambobin ne suka riƙe masa masoya ba. Abin da ya riƙe su shi ne mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa. Ɗauki waƙar Karen Mota, wadda ita ce ta fara fito da sunansa. Duk wanda ya yi tafiya a motocin da can masu bodin katako ya san wannan yaro. Shi ke lodi, shi ke ɗaure kaya da igiya. In mota ta zo hawan tudu ta gaza, shi ke dirowa a guje ya cusa weji ƙarƙashin taya kafin ta koma da baya da mutane. In taya ta yi faci a daji shi ke kwanciya cikin ƙura ya kafa jak. Direba ya kwana a ɗaki, shi ya kwana gadin kaya. Ba wanda ke tambayar sunansa, kowa da tsawa yake kiran sa. A zamanin da kirari na sarakuna ne da attajirai, Ɗan Maraya ya ɗauki kuntigi ya ba wannan yaro nasa kason. Haka ya yi wa lebura, haka ya tsaya tsakanin mai akwai da mai babu. Ba a ce bai yi wa manya waƙa ba, ya yi, domin sana'arsa ce. Sai dai waƙoƙin da jama'a suka haddace, waɗanda suka rayu bayan shi da waɗanda aka yi wa sun tafi, su ne na talaka.

Sai kuma zaman iyali. A Jawabin Aure da Auren Dole da Gulma Wuya ya shiga har tsakar gida, ya faɗi abin da kowa ya sani amma ake jin nauyin furtawa: yarinyar da aka ɗaura wa aure da wanda ba ta so, ma'auratan da ƙaramin saɓani ke kai su ga saki, magulmacin da ke yawo da zance har ya raba masoya. Bai hau mumbari ya yi wa kowa faɗa ba. Labari yake bayarwa, ya ɗauki bakin wannan ya ajiye, ya ɗauki na wancan, mai sauraro na dariya har ya ankara da cewa gidansa ake nufi. Mata da yawa sun ji kukansu a rediyo karon farko ta bakin wannan mutum.

Yanzu mu dubi na baya. Tun daga shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa, kiɗa ya koma situdiyo, fiyano ya maye gurbin ganga a wurin yawancin matasa, salon waƙar soyayya kuma ya jingina sosai da finafinan Indiya. Mai kallo daga nesa zai ce an yanke igiya da su Ɗan Maraya. A ganinmu ba a yanke ba. Matashin da yau ke zaune shi kaɗai da biro da takarda, ya tsara baitinsa, ya je ya ɗora murya ba tare da tawaga ba, tafarkin Ɗan Maraya yake bi ko ya sani ko bai sani ba. Mawaƙa irin su Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, da suka mai da halin da al'umma ke ciki abin rerawa, suna kan layin da ya share. Masu gambarar zamani ma, da ke jero magana da sauri a kan kiɗa maras yawa suna ba da labarin unguwa da rashin aiki, in suka saurari tsofaffin faya-fayansa za su tarar an riga su. Ɗaliban sashen Hausa a jami'o'inmu kuwa sun daɗe suna nazarin waƙoƙinsa.

Akwai wani gadon da ba a cika ambata ba, wato mutuncin sana'ar. Da can ana yi wa makaɗi kallon maroƙi kawai, gidaje da yawa ba sa ba shi aure. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos ta ba Ɗan Maraya nasa, an fara kiran mawaƙin Hausa Dokta. Ɗan boko da yau ke cewa shi mawaƙi ne ba tare da sunkuyar da kai ba, inuwar waɗannan dattawa yake sha.

Kada kuma a manta da garin da ya ɗauki sunansa. Jos ta ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, makwabta suka daina shiga wa juna. Duk da haka Musulmi da Kirista, Bahaushe da Birom da sauran ƙabilun Filato, kowa na cewa Ɗan Maraya nasu ne. Mawaƙa kaɗan ne suka samu wannan.

Inda muke da ƙorafi shi ne, an ɗauki sauƙin gadon an bar nauyinsa. Da kakar zaɓe ta ƙarato, situdiyo sai ta cika da waƙoƙin 'yan takara, a wasa wannan yau, gobe a zage shi in wani ya fi biya. Ba mu hana kowa neman abinci ba. Amma ina waƙar ɗan acaɓa da ke yini a rana? Ina ta mai adaidaita sahu da ke fafutukar haɗa balas kafin magariba, da ta ɗan ga-ruwa, da ta matar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta take zaune a sansanin gudun hijira? Ina ta samarin da ke shiga ramukan ma'adinai a Filato da Zamfara, wasu ba sa fitowa? Waɗannan su ne karen motar wannan zamani, kuma masu basirar yi musu waƙa suna nan da yawa, sai dai kaɗan ne suka waiwaye su. Shi ma kuntigin da wuya yanzu ka ga matashi ya ɗauke shi da niyyar koyo.

Saboda haka muna kira ga gidajen rediyo da talabijin da ke da tsofaffin faya-fayai da kasa-kasan Ɗan Maraya, musamman na Kaduna da Jos, su mai da su cikin kwamfuta tun kafin ƙura da zafi su cinye su. Gwamnatin jihar Filato da Jami'ar Jos su haɗa hannu a tattara waƙoƙin wuri guda, a rubuta su, a buɗe ajin koyar da kuntigi. Masu ɗora waƙoƙinsa a intanet suna samun kuɗi su ji tsoron Allah su nemi magadansa su ba su haƙƙinsu. Ku kuma matasan mawaƙa, cikin waƙoƙi goma da za ku yi bana, ku ware ko da guda ɗaya ga mutumin da ba shi da abin ba ku.

Allah ya jiƙan Adamu Ɗan Maraya Jos, ya gafarta masa.