Fom ɗin taki da NIN ɗin Baba

1/ Jama'a zare ne, ku yi haƙuri. Duk wanda ya ƙara ce min "ni talaka ne, me zan ɓoye?" wallahi sai na ja shi ƙauyenmu ya gani da idonsa.

2/ Kafin damina na je gida, gefen Malumfashi. Wasu samari suka zo da fom, wai tallafin taki. Suna, lambar waya, NIN, BVN, girman gona, buhun masara nawa ka samu bara. Baba ya ba su duka, har hoto suka ɗauke shi. Aka yi girbi, taki bai zo ba.

3/ Takin kam mun yafe. Takardar fa, tana hannun wa?

Ku duba yankin da muke. A 2021 har layukan waya aka katse a Funtua da Malumfashi da Bakori saboda 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. A irin wannan wuri, takardar da ta nuna wane ya tara buhu ɗari, ga ƙauyensa ga lambarsa, ai ta fi infoma goma aiki.

4/ Abin da ke ƙona min rai, ina cikin rukunin binciken shari'a da fasaha a jami'armu. Mun kwashe makonni muna musu kan tarar dala miliyan 220 da hukumar FCCPC ta ci Meta a 2024. Turanci kamar me. Ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci manomi, har ni.

5/ Alhali doka tana nan. Tun Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanai. Mai karɓar bayananka dole ya faɗi ko shi wane ne da abin da zai yi da su. Kana iya cewa a goge, kana iya kai ƙara hukumar NDPC. To wa ya taɓa faɗa wa Baba wannan da Hausa?

6/ Kar wani ya ce min jahilci ne. Kai da digirinka nawa ka ba manhajar bashi izinin shiga lambobin wayarka don dubu goma?

7/ Na je wurin mai unguwa in ji sunan ƙungiyar da ta turo samarin. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma shi ne ya fara cike fom ɗin.