Jinin dasashi ba ya karya alwala, amma tambayar ba ta ƙare a nan ba

Akwai wata tambaya da ba ta tsufa a majalisun karatu tsakanin Magariba da Isha'i, a nan Wudil da sauran garuruwanmu. Mutum zai ce: "Allah gafarta Malam, in na yi asuwaki ko na kurkure baki sai in ga jini. Shin alwalata tana nan?" Malam zai amsa da abin da yake tabbatacce a mazhabar Imamu Malik, cewa jinin da ya fito daga dasashi ba ya cikin abubuwan da ke warware alwala. Mai tambaya ya yi godiya, hankalinsa ya kwanta, ya koma gida da bakinsa yana ci gaba da zubar da jini shekara da shekaru.

Amsar daidai ce ta fuskar fiƙihu. Abin da nake gani shi ne an tsaya da wuri. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goga shi da asuwaki ko buroshi. Idan yana yi kullum, to alama ce ta kumburi, kuma binciken likitoci na shekarun nan ya nuna cewa wannan kumburin yana da alaƙa da hawan jini da lafiyar jijiyoyin da ke kai jini zuciya da ƙwaƙwalwa.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwayoyin cuta suna taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. In ba a kawar da su ba, dattin sai ya daskare ya yi tauri kamar dutse, dasashi ya ja baya, wani ɗan rami ya buɗe tsakaninsa da haƙori. Cikin ramin nan gyambo ne da ido ba ya gani. Duk lokacin da mutum ya tauna nama ko goro, ƙwayoyin cutar da gubarsu na iya kutsawa cikin jini, jiki kuma ya yi ta yaƙi da su ba hutawa. Wannan yaƙin na kullum yana gajiyar da siririyar fatar da ta lulluɓe cikin jijiyoyin jini, wadda aikinta shi ne sa jijiya ta saki ta buɗe idan jini ya taho. Jijiyar da ta rage buɗewa kuwa, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turawa.

A shekarar 2007 wasu likitoci a Landan suka raba mutum 120 masu tsananin ciwon dasashi gida biyu. Rukuni ɗaya aka yi musu wankin haƙori na sama-sama, ɗayan kuma aka bi har ƙarƙashin dasashi aka kankare. Washegari jijiyoyin rukuni na biyu sun ɗan ja baya saboda wahalar aikin, amma bayan wata shida sun fi na rukunin farko iya buɗewa. A 2019 kuma masu bincike daga jami'o'in Glasgow da Krakow suka yi irin wannan gwaji da mutum 101 da ke fama da hawan jini da ciwon dasashi a tare. Bayan wata biyu, lambar sama ta awon jinin waɗanda aka yi wa cikakken magani ta sauka da kimanin maki 11 idan aka kwatanta da sauran. Duk wanda ya taɓa jinyar mai hawan jini ya san maki 11 ba abin wasa ba ne.

Sai dai a yi adalci. Gwaje-gwajen nan na mutane kaɗan ne, na ɗan lokaci kuma. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa alaƙar tana nan, amma ba a tabbatar da cewa ciwon dasashi ne ke haddasa ciwon zuciya kai tsaye ba, ganin cewa shan sigari da ciwon suga da tsufa suna jawo duka biyun. Saboda haka kada wani ya ajiye ƙwayoyinsa na hawan jini ya ce asuwaki ya wadatar. Na faɗi haka ne don na san halinmu: da zarar an ji sunna ta dace da binciken Turawa, sai masu tallar magani da lasifika a ranar Juma'a, ranar da kasuwar Wudil ke ci, su mayar da maganar jari.

Matsayin asuwaki a Musulunci ba ya buƙatar shaidar wani ɗakin bincike. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa tsoron tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wajabta shi a kowace salla. Nana A'isha ta ba da labarin cewa da shi yake farawa idan ya shigo gida, kuma a jinyarsa ta ƙarshe ita ce ta tausasa masa asuwakin ɗan'uwanta Abdurrahman. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san an lissafa shi cikin mustahabban alwala. To amma dubi yadda yawancinmu muke yinsa: a maƙala itacen a gefen baki, a goge haƙoran gaba huɗu da mutane ke gani, a bar turame da bayan haƙora, inda cutar ta fi samun wurin zama. Sannan da asuwaki da buroshi da makilin, babu wanda ke iya cire dattin da ya riga ya daskare. Wannan sai ma'aikacin haƙori da kayan aikinsa, kuma zuwa wurinsa neman magani ne da shari'a ta yi umarni da shi. Mu kuwa ba ma zuwa sai haƙori ya hana barci, mu ce a cire.

Akwai wani abu da masu hawan jini ya kamata su sani. Amlodipine da nifedipine, magungunan da ake yawan rubutawa a asibitocinmu, suna sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙori, musamman idan bakin ba ya samun tsafta. Wanda ya ga haka kada ya daina sha da kansa. Ya koma wurin likitan da ya rubuta masa, domin akwai wasu magungunan da za a iya musanya masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan ɗaya ne ke da tsananin ciwon dasashi, kuma kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Cututtuka ne biyu da ba sa ciwo sai sun yi nisa, shi ya sa mutumin da ke zuwa masallaci sau biyar a yini ya fi kusa da malaminsa fiye da likita. Roƙona ga malamanmu shi ne ƙarin jimla ɗaya bayan fatawa: alwalarka tana nan, amma ka je a duba bakinka, a kuma auna jininka. Ɗalibanmu na Jami'ar Aliko Dangote da na makarantun Islamiyya su ma suna da rawar takawa a gidajensu. Idan mahaifi ko mahaifiya na tofar da jini wajen alwala, ko haƙori ya fara girgiɗa ba tare da an buge shi ba, a raka su Babban Asibitin Wudil a fara da awon jini, in ya kai 140 bisa 90 a maimaita a wata ranar. Idan aikin dasashin ya fi ƙarfin nan, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori, kuma ana iya zuwa a dawo a yini guda.