A Auna Ƙarfen Ƙasa Tun Da Bazara

Duk mai doguwar eriyar rediyo a Maiduguri ya san ana kafa ƙarfe cikin ƙasa a ɗaura masa waya, domin in aradu ta faɗo ta bi nan ta shige. To, amma kafawa kaɗai ba ta isa ba. Ƙasar Maiduguri rairayi ce, busasshen rairayi kuwa ba ya karɓar lantarki sosai.

Abin takaici, wasu masu aikin wuta sai su zuba gawayi da gishiri, su kwarara ruwa, su auna nan take, su karɓi kuɗinsu. Wannan awo yaudara ne, don gishiri cin ƙarfen yake yi, damina kuma ta wanke shi.

Kamata ya yi a auna a watan Afrilu, gama hadarin farko na Mayu da Yuni kan busasshiyar ƙasa yake sauka. A kafa turakun gwaji biyu nesa da ƙarfen. In awon ya haura om 10, a ƙara zurfi, ko a kafa wani ƙarfen can gefe a haɗa su da jan ƙarfe mai kauri.