Ra'ayinmu: A Koya Mana Kalma Tare Da Tarihinta



Duk ranar shifta a darasin Turanci, tambaya ɗaya ke yawo a aji: me ya sa ake rubuta harafin da ba a faɗarsa? Amsar da aka saba ba mu ita ce, "Haka Bature ya ga dama, ku haddace." Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin wannan amsa ba ta ƙosar ba, domin kowane harafi yana da dalilinsa.

Ɗauki "knight". Mutanen Ingila na da suna furta "k" ɗin, kuma "gh" wani sauti ne na maƙogwaro. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila. Sannu a hankali rubutu ya tsaya wuri ɗaya, furuci kuwa ya ci gaba da sauyawa. Ita kuwa "debt", a da "dette" ake rubutawa, sai masana suka cusa mata "b" don ta yi kama da asalinta na Latin. "S" ɗin "island" ma cusa shi aka yi, kuma bisa kuskure, domin kalmar ba daga Latin ta fito ba. Har Shakespeare kansa, sa hannunsa guda 6 da suka rage ba su yi daidai da juna wajen haruffa ba.

Matsalar ma'ana ta fi ta haruffa haɗari. Kowa ya san "nice" na nufin abu mai daɗi ko mutumin kirki. To amma asalinta kalmar Latin ce mai nufin wanda bai sani ba. Wajen shekarar 1300, idan aka ce da mutum "nice", wawa aka kira shi. Daga baya ta koma mai tsirfa da yawan zaɓe, sannan abin da aka auna daidai, sai a ƙarni na 18 ta ɗauki ma'anar da muka sani. A wasan Romeo and Juliet, ana amfani da ita da nufin abu maras muhimmanci. Ɗalibin adabi da ya fassara ta da ma'anar yau a jarrabawar WAEC ya zubar da makinsa, komai kyawun rubutunsa.

Wani zai ce lokacin darasi kaɗan ne, manhaja kuma ga ta da yawa. Gaskiya ne. Amma minti 5 sun isa labarin kalma ɗaya, kuma abin da aka ji da labari ya fi zama a kai fiye da na hadda. Mu ma muna da irinta: "waya" daga zaren ƙarfe ta fara, yau ga ta a aljihun kowa ba zare ko ɗaya.

Saboda haka muna roƙon malaman Turanci su ware mana kalma ɗaya kowane mako, hukumar makaranta kuma ta sa ƙamus mai nuna asalin kalmomi a laburare. Mu ɗalibai kuma mu daina yi wa wanda ya kuskure harafi dariya, mu dage da koyon rubutun da aka amince da shi yau, domin da shi mai duba jarrabawa zai auna mu.

Wanda ya samo wata tsohuwar kalma, ya kawo mana kafin Alhamis, za mu liƙa ta a wannan allo.