Fadamar Baturiya Ta Fi Bukatar Ruwa Da Masu Gadi

Mu mutanen Gagarawa 'yan tudu ne. Gero da dawa da riɗi muka sani, ruwanmu kuwa na rijiya ne mai zurfi. Saboda haka in an ce gwamnati ta keɓe fadama domin tsuntsaye, da yawa cikinmu sukan yi dariya su ce, "Mutum bai ƙoshi ba, za a yi wa agwagwa gandu?" Tambayar tana da nauyi, ya kamata mu amsa ta.

Baturiya tana gabas da Haɗeja, cikin babbar fadamar Haɗeja da Nguru. A nan kirinjijiya da dinya da zalɓe suke kiwo. Da sanyi kuma agwagin ruwa sukan taso tun daga Turai, su ƙetare Hamada, su sauka. A 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare irin waɗannan wurare a garin Ramsar na ƙasar Iran. Tafkin Nguru ya shiga jerin a 2000, shi ne na farko a Nijeriya, Baturiya da Dagona ta Jihar Yobe suka biyo a 2008.

To, me ya shafe mu? Ku ɗalibai, ku duba shanun da ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. In rani ya tsananta, fadama ce take riƙe makiyayi da garkensa. Ran da ta bushe, ina zai nufa? Gonakin tudu. Mun kuwa san abin da yake biyo baya tsakanin manomi da makiyayi. Ruwan da dinya take iyo a ciki shi ne na masunci da mai shinkafa.

Ra'ayinmu shi ne maharbi ba shi ne babban abokin gaban fadamar ba, ko da yake ba mu wanke shi ba. Matsalar tana can sama, a Jihar Kano. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kafin su, kogi yakan cika da damina ya malala, da rani ya janye. Wannan cika da janyewa su ne ran fadama: kifi ya hayayyafa, ciyawa ta tsiro, manomi ya bi laima ya shuka. Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu, aka koma sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Abin da kacalla take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe. Cikinta kuma jan baki yake samun maɓoya, ya fito ya faɗa wa hatsi, shi kuwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Ba mu ce a rushe dam ba. Kano tana sha daga gare shi, manoman Kadawa suna ci. Amma masana tattalin arziki da suka auna a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwa ɗaya, in an bar shi ya malala a fadama, ya fi kawo amfani bisa wanda aka zuba a noman rani na Kano.

Saboda haka muna roƙon Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwa mai yawa a tsakiyar damina, ta kuma sanar da garuruwan bakin kogi tun da wuri. A sa masunta da makiyaya da masu yankan kaba cikin shawara, a biya matasansu su share kacalla daga bakin hanyoyin ruwa kafin ruwan ya iso.