Raddi Ga Masu Cewa A Kulle Jimina A Ɗaki

Duk mai niyyar kiwon jimina a ƙasar Jega, Aliero ko Maiyama ba zai rasa mai ba shi wannan shawara ba: ya gina ɗaki, ya dafe ƙasa da siminti, ya tsare ta kamar kajin gidan gona. Hujjojinsu uku ne, kuma babu mai tsayawa a cikinsu.

Suka ce fili ya yi tsada, gara a bar shi wa albasa. Gaskiya ne fadamar Aliero ba ta wasa ba ce, amma jimina ba fadama take nema ba. Tudu mai yashi, wanda manomin albasa ba ya ko kallo, ya ishe ta.

Suka ce zama wuri ɗaya ne ke sa ta ƙiba da wuri. Nan kuskuren ya fi girma. Tsuntsuwar da ke haura kilo 100, take gudun kilomita 70 cikin awa, jarinta ƙafa ne. Ɗan jimina da ya tashi kan siminti mai santsi, ba ya motsa jiki, sai ka ga ƙafarsa ta murɗe waje, ya kasa miƙewa, kuma da wuya ya warke. Ƙunci kan sa jiminu su tsige gashin juna, su haɗiye ƙusa da guntun waya har ciki ya toshe. Fatar da ta sha karce kuwa darajarta faɗuwa take, alhali ita ce babbar riba. Ga shi hanjin jimina na narka ciyawa da harawa, abin da kaza ba ta iyawa, don haka sakinta a fili rage kuɗin abinci ne. Manoman Oudtshoorn na Afirka ta Kudu, da suka fara wannan kiwo tun shekarun 1860, a shingaggun filaye suke ajiye manyan.

Suka ce bango na tare cuta. Amma a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a gonar Sambawa da ke Jaji, babbar gonar zamani, aka hallaka har da jiminu. Tsafta da hana shige da fice ke tare cuta.

Abu ɗaya suka yi daidai: 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe bayan kwana 42 suna buƙatar ɗaki mai ɗumi da daddare, musamman a hunturu da damina, har su kai wata uku. Da rana ta fito, a buɗe musu ƙofa, kuma kada shingen ya zama na waya mai ƙaya.