Gidan wanka ya fi zauren biki

Duk shugaban ƙaramar hukumar da 'yan kuɗi suka shigo masa, ko ɗan majalisar da ke neman aikin mazaɓa, tunaninsa ɗaya ne: a gina wurin shaƙatawa na zamani, da fitilu da zauren biki. Ka ce masa a gina gidan wanka a bakin kasuwa, sai ya dube ka kamar ka zage shi. A wurinsa wannan harkar 'yan tasha ce, ba ta isa a gayyato gwamna ya buɗe ba.

Masu wannan ra'ayi su dubi Istanbul. Hurrem Sultan, matar Sarki Sulaiman, ta sa magini Sinan ya gina wa jama'a gidan wanka a 1556, daf da masallacin Aya Sofiya. An rufe shi a 1910, daga baya har wurin sayar da darduma ya zama, sannan aka gyara shi aka sake buɗewa a 2011. Gini kam ya yi kyau, ba musu. Amma yau 'yan yawon buɗe ido ke wanka a ciki da kuɗi masu tsoka, ɗan dakon garin kuwa sai dai ya hango ƙofa.

Mu a Kebbe da Tambuwal ba mu gaji irin wannan gini ba, buƙatar dai muna da ita. Direban da ya taso daga Jega zai nufi Sakkwato, da manomin da ya kawo hatsi daga Kuchi ko Margai ya wuni cikin ƙura, ina za su watsa ruwa kafin azahar? Mata masu talla fa, waɗanda kunya ke sa su danne buƙata har su koma gida? A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa shekarar 2025. Jigawa ta cika sharaɗin tun 2022. Mu kuwa mun ga abin da amai da gudawa ya yi mana a daminar 2021.

Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma masu hali ba su ƙare ba. Abin da ake buƙata a yi waƙafinsa shi ne gidan wanka mai rijiyar burtsatse mai sola, tanki, ɓangaren mata daban da mace mai kula da shi, kuɗin shiga da bai fi ƙarfin ɗan dako ba. A rubuta albashin mai wanke wurin da kuɗin kwashe masai cikin takardar waƙafin tun kafin a sa tubali, domin a nan ne irin waɗannan ayyuka suka saba mutuwa.